Gogen da ake ji da dare, a musa da safe

Matso kusa, aminina. Ƙara matsowa. Maganar nan ba ta son iska, balle a nan tsakanin Isa da Sabon Birni, inda zance ke riga mai shi isa kasuwa.

Ka san an taɓa ba masu goge babbar kyautar kiɗa ta duniya? Har sau biyu kuwa. Kwantar da hankalinka, ba namu ba ne. Wasu mutum huɗu ne a Amurka, masu gogen Bature, ana ce wa ƙungiyarsu Turtle Island Quartet. Sun ɗauki Grammy a 2006, suka sake ɗauka a 2008. Abin da ya ba su kyautar kuwa, in na gaya maka, sai ka riƙe baki. Abin nan ne da mai gogen ƙauyenmu yake yi tun kaka da kakanni, ana harararsa.

Bari in ɗauko maka daga tushe.

Turawa suna da wani tsari na mutum huɗu masu tsirkiya. Ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, sai babba wanda ake kafawa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Tun zamanin su Haydn da Mozart, fiye da shekara 200 ke nan, zaman bai canza ba. Kiɗa ne na takarda. Abin da marubuci ya rubuta shi za ka goga, ba ƙari ba ragi. Masu sauraro su zauna tsit cikin kwat, ko tari ya taso wa mutum sai ya haɗiye abinsa. Kiɗan masu hali ke nan.

A ɗaya gefen akwai jaz. Kiɗan baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayi. A New Orleans ya tashi, a gidajen giya da na rawa ya girma. Shi kuwa a ɗauko take ne, a zagaya shi sau ɗaya, sannan kowa ya saki hannu ya faɗi abin da ke ransa nan take. Iyayen kirki na wancan zamani ba sa son 'ya'yansu su ko leƙa wurin. Ka fara jin ƙanshin zancen, ko?

To a 1985, can yankin San Faransisko, sai wasu samari suka ce su fa sai sun aurar da ɗiyar malam ga ɗan tasha. Uban tafiyar shi ne David Balakrishnan, wanda mahaifinsa mutumin Indiya ne. Da Darol Anger, wanda ya goge a kiɗan ƙauyen Amurka, a ƙungiyar David Grisman. Da Mark Summer mai babban goge. Shi wannan na ukun, riƙe wannan da kyau, aiki gare shi a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Winnipeg a Kanada. Kujera, albashi, mutunci. Ya ajiye. Kai ma ka san abin da dangi za su ce da a nan ne.

Faifansu na farko ya fito a 1988. A ciki suka ɗauko wani shahararren take na Dizzy Gillespie, A Night in Tunisia, wanda aka saba ji da ƙaho da ganguna, suka zuba shi a kan tsirkiya zalla. Ba ganga ko ɗaya. To wa zai riƙe musu kiɗa? Nan dabarar take. Mai ƙaramin goge sai ya sara tsirkiya da gindin izga, kas, kas, ya zama shi ne makaɗin. Mai babban goge ya ajiye izga ya riƙa tsinka da yatsa, yana marin cikin abin da tafin hannu. Malaman kiɗa na can suka yi ta mamaki, har aka mayar da saran nan darasi. Ni kuwa dariya abin yake ba ni. Mai gogenmu ya huta da wannan wahala tun tuni: ya zaunar da masu ƙwarya a gabansa, su riƙe masa ƙasa, shi ya yi ta yawo a sama.

Kujerun ƙungiyar sun yi ta canza masu zama. Balakrishnan da kansa ya fita a 1993. Ya dawo a 1997, shekarar da Anger ya yi sallama. Ɗaya na shiga ɗaya na fita. Kada ka dube ni haka, ban ce komai ba. Summer ne ya yi zaman shekara 30 cur kafin ya tashi a 2015. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, duk wannan shige da fice bai kashe gidan ba, domin tun farko sun sama wa kiɗansu wurin zama: manyan ɗakunan taro, jami'o'i, tikiti a ƙofa.

Yanzu buɗe kunne, a nan zaren ya fara zuwa gida.

Faifan da ya ba su kyauta ta biyu, na girmama John Coltrane ne, mai busa saksafon, da aikinsa A Love Supreme da ya ɗauka a ƙarshen 1964. Coltrane ɗin nan yana da abokai biyu da suka shafe mu. Na farko Babatunde Olatunji, makaɗin Najeriya da ya zauna New York. A cibiyarsa ta Harlem aka ɗauki wasan Coltrane a 1967, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Na biyun kuwa, shi ne na kira ka dominsa.

Yusef Lateef. Yusuf Latif in ka so. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta wajejen 1950. Ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie ɗin nan da na ambata maka, ya yi da Cannonball Adderley, har ya tsara wani take ya sa masa suna Brother John don Coltrane. Mutum ne da ya kwaso kayan busa na manyan ɗakunan Turawa da na ƙasashen gabas ya shigar da su jaz tun ana ganin abin wauta ne. Digirinsa na uku, a 1975, a kan kwatanta ilimin boko da na Musulunci ya yi shi.

Ka san inda wannan bawan Allah ya kwashe shekara huɗu, daga 1981 zuwa 1985?

Zariya. Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya. Na rantse maka. Mutumin da ake layi a Tokyo da Landan don a ji busarsa, ga shi nan yana bin sarewar Fulani yana tambaya, yana zama da makaɗanmu yana rubutu. Ya sauka Legas ya ɗauki faifai mai suna In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa, ya fito a 1987. A wannan shekarar ya fitar da wani faifai da ya kira ƙaramar simfoni tasa, shi ma ya ci Grammy. Mutanenmu nawa suka yi karatu a Samaru a shekarun nan? Da yawa, wasu yanzu manya ne, ka san su na san su. Tambaye su ko sun san da zamansa. Za ka ga ana sosa ƙeya.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da Latif ya yi kafin ya zo, shi ne maganar. Mutumin nan mai salla ne, kuma sana'arsa a gidajen giya take. Tun wajejen 1980 ya yanke: ba zai ƙara busa a inda ake sayar da barasa ba. Ko sunan jaz ɗin ma ƙin amsa shi ya yi, don yana ganin akwai raini a ciki. Amma ka lura da kyau. Bai jefar da ƙahon ba. Wuri ya canza masa. Ya ɗauke shi daga mashaya ya kai shi aji, ya kai shi ɗakin taro, ya rayu da shi har ya rasu a 2013 yana da shekara 93, da mutuncinsa.

To juyo gida.

A ƙasar nan tamu akwai kiɗan ƙofar gaba, akwai na ƙofar baya. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Na ƙofar gaba shi ne kotso da taushi da tambari da kakaki. Shi ne Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Wa zai ja da Narambaɗa? Ba ni ba. Waƙarsa Bakandamiya kaɗai ta sa ɗalibai nawa suka rubuta kundi a jami'a, malamai nawa suka hau kujera. Limami zai iya kawo maka zancen waƙarsa ta Dokin Iska a zaure, ba wanda zai ɗaga gira. Ya cancanta, Allah ya jiƙansa.

Goge fa? Rabin ƙwarya, fatar guza, izgar doki, ɗan ƙaro a shafa wa tsirkiya don ta kama. Shi ke nan kayan. Tsirkiya ɗaya tak. Amma a hannun gwani, sai ta yi kuka ta yi dariya ta kira sunan mutum. Waɗancan na Amurka, tsirkiya goma sha shida suke haɗawa su huɗu kafin su cika ɗaki. Namu da ɗaya yake tayar da unguwa. Shi ne kuma ba a gaishe shi da rana.

Me ya yi? Tsohon laifi ne, aminina, ya girme ni ya girme ka.

Kafin jihadi, a Alƙalawa, nan kusa da mu, bori ba abin ɓoyo ba ne. Yana da sarauniya, Inna, 'yar gidan sarauta, mai faɗa a ji a fadar Gobir. Kiɗan bori kuwa da goge da garaya ake yin sa, kowane iska da takensa. Ka ga ashe goge ya taɓa zama kusa da mulki. Sai Shehu Usmanu ya yi hijira a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka tafi da Innarsu da al'adunsu. Na wannan gefe kuwa, kotso ya sami gafara ya shiga sabuwar fada, don sarki ko wane iri ne yana son a wasa shi. Goge ya rasa uban gida. Wanda ya rasa uban gida kuwa, duk inda aka buɗe masa ƙofa nan zai kwana. Gidan magajiya ya buɗe. Mashaya ta buɗe. Shi ke nan suna ya ɓaci, aka manta cewa korar kare aka yi masa kafin ya je can.

Kada ka ce ina jayayya da malamai. A'a. Suna da hujjojinsu, tun Shehu ake maganar kiɗa da abin da ke biyo bayansa, kuma wanda ya ga wasan goge na tsakar dare a wasu wurare ya san ba ƙarya suka yi ba. Tambayata dabam ce. Me ya sa ba wanda ya yi wa goge abin da Latif ya yi wa ƙahonsa?

Gwanaye ai mun yi su. Garba Liyo da gogensa. Ahmadu Doka da Ibrahim Nahabu da kukuma, ƙanwar goge. Hassan Wayam, mutumin ƙasar Zamfara da ya zauna Zariya. Gidan rediyon Kaduna ya yi ta sa su, direbobi sun yi ta kashe kaset a kansu daga Shinkafi zuwa Sakkwato. Amma hanya biyu kawai muka bar wa mai goge. Ko ya dawwama a inda ake jin kunyar a gan ka, ko ya rataye abin a ce ya tuba. Hanya ta uku, wadda za a zauna da rana tsaka a saurari hannunsa kawai, ba rawa ba shaye-shaye, a tafa masa a biya shi, ba wanda ya share ta.

Kana tsammani haka abin yake ko'ina? Ina! Ji wannan.

Wata farfesa Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, ta kwashe shekaru tana bin goge a Afirka ta Yamma, ta fitar da littafi a 2008 a kan Fulani da Hausawa da Dagwamba. Abin da ta nuna ya isa ya sa mu sunkuyar da kai. A arewacin Gana, a ƙasar Dagwamba, wannan goge dai, ƙwarya da izga, kiɗan fada ne. Masu shi suna da sarauta, suna zama gaban sarki a Yendi suna jero tarihin kakanni. Kuma wani abin takaici, cikin waƙoƙin da suke rerawa har da masu Hausa a ciki. Da harshenmu ake shiga fada da shi a can. A nan ko zauren mai unguwa sai ya yi sa'a.

A Mali, Ali Farka Toure, mai Grammy, bai taɓa jin kunyar ajiye jita ya ɗauki ɗan gogensa mai tsirkiya ɗaya a cikin faifai ba. A Gambiya akwai Juldeh Camara, Bafulatani, shi ma tsirkiya ɗaya. Robert Plant na Led Zeppelin, wanda Turawa ke suma in sun gan shi, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa, suka zaga duniya tare, suka yi faifai a 2014. Bafulatani da goge, a gaban dubban mutane. In ka ji wane, ba banza ba.

Sai kuma wanda ya fi yi mini ciwo. Akwai wasu mutum huɗun, su ma na San Faransisko, Kronos Quartet. Su ma sun taɓa jaz, sun yi faifai a kan Thelonious Monk da Bill Evans. A 1992 suka fitar da Pieces of Africa, ya hau kan jerin ciniki na irin kiɗansu a Amurka. Sun ɗauko mai tsara kiɗa daga Zimbabuwe, da Maroko, da Gambiya, da Yuganda, da Gana, da Afirka ta Kudu, da ƙasar Nuba ta bakin Nilu. Ƙirga da kyau. Ka ga Bahaushe? A 2017 suka sake dawowa, suka yi Ladilikan da wasu makaɗa uku na Mali. Nan ma suka tsallake mu.

Wasu za su ce wariya ce. Ni ban saya ba. Baƙo ai inda aka nuna masa yake zuwa. Mutumin Mali in baƙo ya sauka, da alfahari yake kai shi gidan mai molonsu, ya ce ga tarihinmu. Mu in baƙo ya ce a kai shi wurin mai goge, sai a dubi juna, a yi gyaran murya, a ce ai an daina, a kai shi kallon dawaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma namu mai ɗakin cewa yake ba ruwa ake ba.

Yanzu kuma ga abin da ya same mu, wanda ba na wasa ba ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dare ya daina zama na kowa. Ka tuna 2021, da aka rufe kasuwanni aka yanke layin waya. Ka tuna 2024, da kisan da aka yi wa Sarkin Gobir na Gatawa, Allah ya gafarta masa. Ƙauyuka sun watse, dubban mutane sun tsallaka Gidan Rumji da sauran ƙasar Maraɗi. Mai kotso yana da fada, ko ba komai za a tuna da shi ran salla. Mai goge kuwa dare ne kasuwarsa, daren kuma an ƙwace. Yaron da zai gaji hannun yana Legas yana acaɓa, ko yana gaban kwamfuta a wani situdiyo a Kano yana danna maɓallin da ke kwaikwayon kukan goge. E, har wannan akwai. Muryar muna so, mai ita ne ba ma so.

Saura ƙiris. Matso, wannan a kunne zan faɗa maka.

Kowa yana ɗora wa malamai da hukuma laifin rufe wa goge ƙofa. Da sauƙin faɗa, shi ya sa. Amma ka taɓa tambayar kanka su wa ke ciyar da masu gogen da suka rage? Ba talaka ba ne, talaka ta kansa yake. Akwai mai babbar riga da ke sahun gaba ran Juma'a, wanda in motarsa ta bar gari, gilashi ya hau, direba ya san kaset ɗin da zai sa ba sai an gaya masa ba. Akwai ɗan siyasar da in an ci zaɓe, walimar rana da wa'azi ake buɗe ta, ta dare kuwa a wani gida ne bayan gari, kuma ba mai wa'azin ake aika wa mota ba. Akwai hajiyar da in ciwon ya motsa, asibiti ya gaza, ta san wadda za ta aika a kira mata mai izga cikin sirri. Ba zan kama suna ba. A bar kaza cikin gashinta.

To waɗannan su ne ke zama a kwamitin bikin al'adu. Su ne ke rubuta wa za a gayyata. 'Yan dambe, e. 'Yan tauri, e. Masu kotso, a sahun farko. Mai goge? Sai ka ji ɗaya ya ce, "Haba, wagga ba ta dace da taron mutunci ba." Sauran su gyaɗa kai da sauri, har da istigfari.

Ka san abin da suke tsoro? Goge yana magana. Duk wanda ya taɓa yi wa mai goge kari mai tsoka, yana da takensa a cikin ƙwaryar nan, kuma mai goge ba ya mantuwa. Ka kawo shi filin ƙaramar hukuma da ƙarfe goma na safe, ka ba shi lasifika. Zai ɗaga ido ya dubi rumfar manyan baƙi. Ba sai ya buɗe baki ba, ja ɗaya zai yi wa izga, rabin filin su gane taken wane ne, su juya su ga ƙafar wa ke motsi a ƙarƙashin babbar riga. Na lissafa maka mutum uku a rumfar da za su nemi hanyar bayi a lokaci ɗaya, kuma na huɗun surukinka ne.